Koren Kafet a Ɗakin Kaka

Warin ne ya fara tarbata. Ma'aikata sun kama gefen kafet ɗin falo sun ja, gam ɗin da ke riƙe da shi ya saki da ƙara kamar ana yage tsohon buhu, sai wani abu ya taso daga ƙasa ya cika mini hanci. Ruɓaɓɓen zare ne da danshi, da wani zarni-zarni da ba ka iya cewa ga inda ya fito. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya leƙa taga ya tofar da yawu. Ni kuwa na tsaya da mayafi a hanci, ban fita ba, don na san warin nan. Na kwana a cikinsa damina guda ina yarinya, a Zariya.

Gidan da nake gyarawa tsoho ne, cikin jerin gidajen nan marasa bene da aka gina bayan unguwar Brickfields a nan Kuala Lumpur, tun lokacin da ƙasar nan ke karɓar mulkin kanta. Na karɓe shi haya ta dogon zango a hannun wani ɗan Sin da ya gaje shi, ya ce in yi wa cikinsa yadda na ga dama. Ni 'yar kasuwa ce. Miji na biyo zuwa Kuala Lumpur da ya zo karatu, na fara da sarin mayafai a layin 'yan kasuwa na Jalan Masjid India ina cusawa a jakar masu komawa Kano. Yau kwantena nake lodawa, labule da fitilu da kafet. Don haka in ka ji ina zagin kafet, kada ka ɗauka ban san darajarsa ba. Da shi na ciyar da 'ya'yana.

Wanda ya gina gidan nan ya san garinsu. Ya san ruwa na sauka kusan kullum da yamma, ya san iska ba ta bushewa. Sai ya jera bulo mai huda-huda a saman kowane bango don iska ta ratsa, ya yi rufi mai tsawo, ya zuba tarazo a ƙasa. Waɗanda suka zauna bayansa suka bi hudojin nan ɗaya bayan ɗaya suka toshe da siminti, suka raba falon da katako, suka manna kafet a kan tarazon. Da aka ɗaga, ƙasan baƙi ƙirin, yana yauƙi. Aka kankare da shebur, sai ga tarazon nan lafiya lau, ko tsaga babu. Shekara da shekaru mutane na zaune a kan ƙazanta, alhali tsafta na ƙarƙashinta.

Haka aka yi wa ɗakin kakata.

Kakata ta wajen uba ce. Tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakinta, a bayanta nake kwana, ƙawata take kirana. Kakanmu ne ya gina gidan lokacin yana aikin reluwe, kafin a haifi ubana. Bangon ɗakin na jar ƙasa ne mai kauri, rufin azara, da 'yan tagogi ƙanana can sama kusa da rufi, waɗanda tsuntsu ne kawai zai iya bi ta cikinsu. Amma abin alfaharin ɗakin shi ne daɓensa. Ban ga lokacin da aka yi shi ba, sai dai na ga yadda ake raya shi. In an gama girbi, ƙawayen Kaka sukan taru da madaɓansu, a jiƙa makuba a tukunya ta kwana, a cike inda ya ɗan rame da marmara, a yi ta bugu ana waƙa ana zolayar juna, ana yayyafa ruwan makuba har ƙasan ya yi ja mai duhu yana sheƙi. Ƙamshin yakan yi mako bai bar ɗakin ba, ɗaci-ɗaci, kamar na sabuwar tukunya. A tsakiyar bazara, lokacin da kowa ke neman inda zai sa ransa, mu yara mukan kwaɓe riguna mu kifa ciki a daɓen nan, sanyinsa na ratsa mu.

Daɓen ba shimfiɗe yake daidai ba. Da gangan aka karkata shi kaɗan zuwa lungun bayan ƙofa, inda wata 'yar rariya ta bi ta ƙarƙashin bango ta fita gindin lallen da ke waje. A lungun nan randar Kaka take, da butarta, da wani dutse da take zama a kai. Nan take alwala. Ruwa ya zuba, ya gangara, ya fita, kafin ta idar da salla wurin ya sha iska.

A lokacin da na yi wayo yanar ido ta riga ta rufe mata gani. Haske kawai take bambancewa da duhu. Amma ban taɓa ganin an ja mata hannu a ɗakin nan ba. Tafin ƙafarta ya san inda gangaren ya fara, ya san wajen da ya ɗan yi kaushi kusa da gado. Kuma mace ce mai tsafta har ta ɓaci. Takan shinshina kanmu ta ce, "Wannan ƙazamar, yaushe rabonki da sabulu?" Zannuwanta a cikin kajiji suke kwana. Matan unguwa sukan ce in kana son hutawa ka je ɗakin tsohuwa, suna shigowa da hantsi ba sa tashi sai an kira la'asar.

Yanzu sai in gaya maka zancen Baffa. Shi ne ɗanta na fari, yayan ubana. Kai da ka tashi a zamanin nan wataƙila ba ka ga kunyar ɗan fari da idonka ba, sai labari. Ni na gani. Kaka ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ko da wani yaro ne mai sunan ya shigo, sai ta sakaya. Mutumin Ikko take ce masa, don can yake zaune. A hannun yayarta ya tashi. In ya zo gida yakan cire takalmi tun daga tsakar gida, ya tsuguna a bakin ƙofarta ta waje, ya gaishe ta. Ita kuma ta juya fuska wajen bango ta amsa a gajarce. Bai taɓa shiga ɗakin ba tun da ya girma, ita ma ba ta taɓa ce masa shigo ba. Ba ƙiyayya ba ce. In ya kusa zuwa takan kwana biyu tana sa a daka masa yaji, ta ba ni in kai, ta ce kada in ce daga ita ne.

Shekarar da kwangila ta buɗe masa, sai ya ce zai gyara wa mahaifiyarsa ɗaki. Niyyarsa mai kyau ce, ba zan ci zalinsa ba. Amma tunda ba ya iya zama ya tambaye ta, ita ma ba ta iya zama ta gaya masa, sai ya yi abin da ya ga ana yi a gidajen manya na Ikko. Aka shirya da Gwaggo, ƙanwarsu da ke aure a Kaduna, ta zo ta ɗauki Kaka wai za a duba mata ido. Suna juya baya mota ta sauke siminti.

Ina tsaye aka sa diga a daɓen nan. Ya ba su wuya, har magina na tsaki. Suka fasa shi gunduwa-gunduwa suka kwashe a kwanon sarki. Suka zuba siminti suka daidaita shi tas, ba tudu ba gangare. Suka shafe bangon da filasta suka bi da fentin mai. Suka toshe 'yan tagogin sama, suka fasa wata babba mai gilashi wadda ke kallon katangar maƙwabta, kuma tun ranar farko ba ta buɗuwa sai rabi. Suka buga sili a ƙarƙashin azara. Na ji innata, wato mahaifiyata, ta ce wa Baba a madafi, murya ƙasa-ƙasa, "Rariyar fa? Na ga sun cike ta."

Baba ya ce, "Yaya ya ce ta nan ɓeraye ke shiga."

Shi ke nan maganar ta mutu. Yaya ya ce.

Daga ƙarshe aka kawo kafet, kore shar, mai gashi, aka manna shi da gam daga bango zuwa bango. Aka fitar da randa don kada ta jiƙa shi, aka ajiye kula a madadinta. Unguwa ta yi ta zuwa kallo.

Ranar da Kaka ta dawo gidan ya cika. Baffa na tsugune a inda ya saba. Ta ɗaga ƙafa ta tsallake dokin ƙofa, ta sauke, sai ta tsaya. Na ga babban yatsanta na lalube, yana nutsewa cikin gashin nan. Ta lalubo kaina ta ce, "Ƙawata, ciyawa ce ta tsiro mana a ɗaki?"

Aka kwashe da dariya, wata ta rangaɗa guɗa. Gwaggo ta ce, "Inna, kafet ne, Yaya ne ya sa miki, irin na gidan gwamna." Kaka ta sake taka shi. Sannan ta juya wajen bango ta ce, "An gode. Allah ya yi albarka." Ta miƙa hannu gaba tana neman gadonta. Ranar na fara ganinta tana lalube a ɗakinta kamar baƙuwa.

Da rani abin bai nuna ba, sai zafi. Ɗakin da muke gudowa cikinsa ya koma tanda. Takan fita tsakar gida ta yi alwala, ni ina riƙe da buta. Da damina ta kankama sai tsakar gidan ya zama taɓo, ranar nan santsi ya kwashe ta ta faɗi a kan gwiwa. Daga nan ta sa na kawo mata daro ta ajiye a tsohon lungunta. To amma makauniya ce, kuma hannunta ya shekara arba'in yana zuba ruwa a wurin ba tare da tunani ba. Rabi ya shiga daro, rabi ya sha kafet. Ban da wannan, bangon ƙasa da aka rufe wa baki da siminti da fenti ba shi da inda zai fitar da danshi. Fentin ya kumbura ya yi ƙuraje, in ka latsa ruwa ya fito. Danshin ya sauka ƙasa ya shige ƙarƙashin kafet ya zauna. In ka taka sai ka ji yana cakal-cakal.

Sai wari. Ya fara kamar na rigar da aka manta a bokiti, ya koma na kwata, daga baya ya ɗauko zarni. Kaka ta ninka turaren wuta. Ban san ko ka taɓa jin ƙamshi a kan wari ba, babu abin da ya fi shi tayar da zuciya. Ya kama zannuwanta, ya kama gashina, har a makaranta wata ta matsa daga kusa da ni.

Matan da ke wuni a ɗakin suka koma gaisuwa daga bakin ƙofa. "A'a, Inna, sauri nake, na bar tukunya a wuta." Ina jin su in sun fita zaure. "Allah sarki, tsufa ya zo." "Mace mai tsafta kamar me, dubi yadda ta koma." Kaka ido ne ba ta da shi, kunnenta ras yake.

Gwaggo ta zo daga Kaduna, ta shiga, ta fito tana yamutsa fuska. Ta aika kasuwa aka sayo leda mai faɗi, irin wadda ake shimfiɗa wa jarirai. Ta bari sai da Kaka ta fita shan hantsi, ta ɗaga zanin gado ta shimfiɗa ta a kan katifa. Na ce, "Gwaggo, ba ita ba ce fa. Kafet ɗin ne."

Ta ce, "Rufe mini baki, uwar iyayi. Kafet ɗin da aka ɗauko tun daga Ikko ne zai yi zarni? Ke da kike kwana a bayanta ai hancinki ya riga ya mutu."

Da Kaka ta dawo ta zauna a bakin gado, ledar ta yi ƙara. Ta ɗan motsa, ta sake yin ƙara. Ta sa hannu ƙarƙashin zanin ta shafa. Ta daɗe tana shafawa.

"Wa ya shimfiɗa?"

"Gwaggo."

Ta kamo hannuna ta ɗora a kan katifar, ta bi da shi ko'ina, sannan ta ɗora a kan zanin jikinta. "Taɓa da kyau. Akwai jiƙa?"

Na ce babu.

Ta ce, "To."

Daga ranar ta daina shan ruwa. Ba ta sanar da kowa ba. In an kawo koko ta ce ba ta jin sha, fura ta ce ta yi tsami, ruwa kuwa sai ta kurɓa ta jiƙa maƙoshi ta ture kofin. So take ta nuna wa gidan cewa ko babu ɗigon ruwa a cikinta warin na nan. Leɓunanta suka tsage. Muryarta ta koma kamar ana jan kara a ƙasa. In ta miƙe sai ta dafa bango.

Har yau in na tuna, ba kafet ɗin ne ya fi ba ni ƙyama ba. Manyan gidan ne. Kowannensu na da hanci. Baba ya taka kafet ɗin ya ji ruwa a tafin ƙafarsa. Innata ta ga ƙurajen bango. Amma a ce aikin Yaya ya lalace, wa zai faɗa, a gaban wa? Ya fi musu sauƙi su bar abin a kan tsohuwa, tunda tsufa ba laifin kowa ba ne. Ita kuma da za ta iya kashe maganar da kalma ɗaya, ba za ta buɗe baki ta kushe abin da ɗan fari ya yi ba. Ko yabonsa ba ta iya yi a fili, balle kuka da shi. Gida guda cike da masu ladabi, suna kallon mace na bushewa.

Wata safiya da ruwa ya ɗauke ta ce, "Ƙawata, ɗauki tabarma da buta." Ita ta ɗauki carbinta da matashi. Ta dafa kafaɗata muka ratsa tsakar gida zuwa ɗakin hatsi da ke jikin madafi, inda ake jibge buhunan gero da tsofaffin turame. Baffa bai taɓa shi ba, don ba wanda ke ganinsa. Daɓensa na nan, duk da ya rame. Tana taka shi na ji ta sauke numfashi. Ta karɓi tsintsiya ta share gefe guda da hannunta, ta shimfiɗa tabarma.

Gida ya rikice. Baba ya zo ya durƙusa. "Inna, don Allah. Me mutane za su ce?"

Ta ce, "Ai sun riga sun faɗa." Ta juyo wajena. "Ɗebo mini ruwa a randa. Cika moɗar."

Ta shanye, ta miƙo, na sake cikawa. Ina jin ruwan na sauka a maƙoshinta. Baba ya tashi ya ja ƙofar sabon ɗakin ya sa kwaɗo, don kada baƙi su ga ba kowa a ciki.

Labari ya kai Ikko cewa an mayar da Inna ɗakin hatsi. Kafin Baffa ya samu zuwa an yi makonni. Ya shigo da faɗa, yana ce wa Baba ya bar masa uwa a hannu ya wulaƙanta ta. Ya karɓi makulli ya buɗe ɗakin da kansa, ya shiga. Shigarsa ta farko ke nan tun yana yaro. Ɗakin da ba wanda ya kwana a ciki tun tuni, ga shi a rufe cikin damina. Naman kaza ya tsiro a ƙarƙashin gado. Ya sunkuya ya ja gefen kafet ɗin, ya taso da baƙin yauƙi, tana na motsi a ciki, kyankyasai suka watse ta kan ƙafarsa. Ya fito da gudu da babbar rigarsa ya durƙusa a bakin kwata ya yi ta amai. Ɗakin hatsi na can gefe, ƙofarsa a buɗe, ba abin da ke fitowa daga ciki sai ƙamshin gero da kajiji.

Ya wanke baki, ya je ya tsuguna a bakin ƙofar. Kaka ta juya wajen bango. Ya gaishe ta, ta amsa. Ya buɗe baki zai ƙara magana, sai ta riga shi, amma da ni take.

"Ƙawata, ki gaya wa mutumin Ikko ɗakinsa ya yi kyau, kowa ya yaba. Ya nemi wanda ba ya salla ya sa a ciki."

Yana jin ta sarai, tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba. Duk da haka na juya na maimaita masa, kalma bayan kalma, don haka aka aike ni. Ya sunkuyar da kai.

A ranar aka ɓamɓare kafet ɗin aka ja shi zuwa bola. Ko awaki ba su kwanta a kansa ba. Baffa ya aiko ni in ce zai fasa simintin a kira mata su sake daɓe. Ta ce in ce masa fasawa ɗaya ta isa. A ɗakin hatsin ta ƙarasa rayuwarta, ƙawayenta suka dawo wuni, buhunan gero kuma aka kwashe su zuwa ɗaki mai fenti da gilashi. Ledar kuwa ta sa na wanke, ta ninke ta da kyau. Da Gwaggo ta zo ta miƙa mata ta ce, "Ajiye. Ke ma za ki tsufa."

Yanzu kusan kowane wata sai wani ya kira ni, daga nan ko daga Jidda ko Landan, yana son kayan gyara wa mahaifiyarsa ɗaki a gida. Tayil mai santsi kamar madubi, masai na zama ga matar da ta shekara saba'in tana tsuguno, taga da ba a buɗewa saboda na'urar sanyi a garin da wuta ba ta zama. Nakan ce, "Kun tambaye ta?" Sai a yi dariya a ce, "Hajiya, ai ba-zata za mu yi mata." Ina sayar musu, kasuwa na fito. Amma sai na faɗa musu abin da na gani kafin in rubuta rasit.

A gidan nan na sa an buɗe hudojin bulo duka, an goge tarazon. Ɗan kwangilar ya nuna mini gangaren da ke bayan kicin inda ruwa ke bi ya fita, ya ce da yarensu, "Boleh, madam," wai zai iya cike shi ya daidaita. Na ce ya bar shi yadda ya same shi.

Saura ɗakin kwanana. Shekaranjiya babban ɗana ya zo da matarsa, sun yi mana tapau, wato ƙunshin shinkafa, daga wajen mamak, Indiyawan nan Musulmi masu sayar da abinci. A garin nan ya girma, in na yi masa Hausa rabin amsar da Turanci take dawowa. Ya ce tunda zan tafi Kano duba kaya, in bar masa makulli, kafin in dawo zai gama mini ɗakin. Ya ƙi nuna mini hoton da ke wayarsa, wai kada ya ɓata daɗin abin.

Kunya ta ragu a cikinmu, kuma akwai wadda nake kewa. Wannan ba ta ciki. Na kira shi da sunansa na yanka, na dube shi ido cikin ido. Na ce, "Ɗakin da zan kwana in yi salla a ciki, ni zan tsaya a kansa. In ka taɓa shi ba na nan, da bakina zan gaya maka ya yi muni, kuma a gaban matarka."

Ya ce, "Haba Mama, kwantar da hankali lah," da 'yar jelar nan da mutanen garin ke liƙa wa magana.

Hankalina a kwance yake. Na dai kira mai tikiti na ɗaga tafiyar har sai an gama.